Buhu Ɗarin Rumbun Tsimi da Takardar Rahamu

Zuwa ga Mai Girma Alhaji, wanda ya kafa jami'ar kuɗin nan ta Yamai kuma yake shugabancinta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Ya aiki, ya zafi, ya kuma haƙuri da wannan shekara da Allah Ya jarrabe mu da ita? Za ka ga ban ambaci sunanka ba, ban ambaci na makarantarka ba. Ba tsoro ya hana ni ba. Ka san kanka, kuma ni ban fito don in tozarta ka ba. Takarda ɗaya tak nake nema a hannunka.

Sunana Salamatu, amma a karkarar Maijirgi ta ƙasar Tasawa, Madam kawai ake ce mini. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, goma sha biyun ƙarshe ina shugabar lakwal, wato firamare, ta garinmu, bara na aje aiki. Na rubuto maka sau biyu ta hannun sakatarenka, shiru. Na buga waya har kuɗin kati ya ishe ni, kullum sai a ce kana taro. Shi ya sa yau na biyo ta inda kowa zai ji.

Takardar da nake nema ita ce shaidar gama karatu ta Rahamu, ɗiyar Tsahara mai ƙuli-ƙuli, wadda ta yi shekara uku a makarantarka ta gama bara. Takardar tana kulle a ofishinka saboda kuna bin ta jika ɗari biyu da ashirin da biyar, wato sefa dubu ɗari biyu da ashirin da biyar. Yanzu wani furoje, wato shirin agaji, na rabon cimaka a Mayahi yana neman masu rubuta sunaye da lura da rabo, aikin da ta karanta ke nan daidai, kuma sun ce ba su karɓar kowa sai da takarda. Ƙarshen watan nan za su rufe. Sauran kwana goma sha biyu.

Zan faɗi naka laifi, zan kuma faɗi nawa, don nawa ba ƙarami ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na ɗaya: inda kuɗin ya fito.

Kai a littafinka suna ka gani da lamba da jika. Ban tsammanin ka taɓa tambayar daga ina jikunan suke zuwa, to bari in gaya maka.

Bayan shekarar da fara ta cinye gonaki, da yunwa ta gama wujijjiga mu, matan garinmu su tamanin da huɗu suka haɗa kai suka kafa rumbun tsimi. Ɗaki ne na laka da ƙofar ƙarfe. Da kaka kowace mace ta kawo tiyoyinta na hatsi, wato kwanonin awo, a haɗa da wanda aka saya, a rufe. Ba a buɗe shi sai lokacin da rumbunan gida suka ƙare, na gona bai nuna ba, a kasuwa kuma tiya ta fi ƙarfin talaka. A nan ne ake sayar wa 'yan ƙungiya da rahusa, ko a ranta musu su maido da kaka. Da abin da muka tara da wanda wata ƙungiyar agaji ta ɗora mana, rumbun ya kai buhu ɗari da ashirin. Kwaɗo uku ne a ƙofar, mabuɗan suna hannun mata uku, babbarsu Iya Kande, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin. Ni aka ba littafi, don ni kaɗai ce mai boko a cikinsu.

Rahamu ita ce ɗiya mace ta farko da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, a garinmu. Ni na koya mata riƙe alli. Ubanta ya rasu tana aji huɗu, uwarta ta riƙe ta da kaskon suyar ƙuli. Ranar da sakamako ya fito sai da mata suka yi guɗa a bakin rijiya. Jami'ar gwamnati tana nan, kusan kyauta, kuma da ta tafi can da ba a yi wannan magana ba. Ni ce na hana. Gaggawa nake yi, ina son karatun da zai kawo albashi da wuri, kuma in faɗi gaskiya ina son a ce ɗalibar Madam ta shiga makarantar 'ya'yan manya.

Ni na kawo shawarar a ranta mata daga rumbu. Iya Kande ba ta so ba. Ta ce, "Madam, hatsin ga na cikin yara ne hwa, ba na takarda ba. In ruwa ya ƙiya, mi za mu ce ma ɗiyanmu?" Na ce mata shekara uku kamar gobe ne, kuma in yarinyar ta fara aiki rumbun nan sai ya yi mana kaɗan. Na fi ta baki, na fi ta lissafi, sauran mata suka bi ni.

Na biyu: yadda na zaɓi makarantarka.

Takardun talla uku na kawo daga Tasawa. Wata Alhamis bayan la'asar na baje su kan tabarma a gaban rumbun, na jingina allon lakwal da bango, na ja layi uku da alli: abin da za a biya, shekarun da za a yi, da abin da za a samu in an gama.

Ta farko makarantar koyon jinya ce a Maraɗi, jika ɗari da tamanin a shekara. Takardarta fotokofi ce, har wani gefen bai fito ba, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Ta biyu a Damagaram take, ana koyon lissafin kuɗi, jika ɗari uku, ta ce ɗalibanta suna samun aiki amma ba ta faɗi nawa ba. Ta uku taka ce. Takarda mai santsi, mai launi, ga samari da 'yan mata sun sha kwat suna murmushi a gaban na'ura. Jika ɗari huɗu a shekara, karatun tafiyar da ayyukan furoje. A ƙasa an rubuta da jan baƙi cewa waɗanda suka gama suna fara aiki da jika ɗari biyu da hamsin a wata. Ga hatimi, ga sa hannunka.

Ranka ya daɗe, matan ƙauye ba su san jami'a ba, amma sun san furoje. Sun ga fararen motoci, sun ga masu fitowa daga ciki da robar ruwan sanyi a hannu. Da na karanta musu wannan layi sai da wata ta ce, "La ila! A wata guda?"

Ga inda na yi ɓarnar. A layi na uku, layin abin da za a samu, makarantarka kaɗai ke da lamba. Sauran biyun tunda ba su faɗi komai ba, sai na ja musu ɗan zane na bar wurin. Ni na san ma'anar zanen ita ce ba mu sani ba. Matan kuwa suka ɗauka babu ke nan. Na ga sun ɗauka haka, kuma ban gyara musu ba. Makarantun da suka kame bakinsu don ba su da tabbas suka faɗi a kan allona, wadda ta fi kowa cika baki ta ci.

Ban tambayi mutum nawa suka sami wannan albashi ba. Ban tambayi su wane ne ba, ko 'ya'yan wa. Ni ɗiyar wani zamani ce. Lokacin babban farin da ya zo da soja karo na farko ina makarantar kwana, gwamnati tana ciyar da ni sau uku a yini alhali a gida shanun ubana suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ko dala ba a taɓa biya mini ba har na zama malama. Na tashi da imanin cewa takarda mai hatimi ba ta ƙarya, kuma duk mai buɗe makaranta don Allah ya buɗe. Ban san yadda ake cinikin karatu ba, amma na zauna gaban mutane ina yi kamar na sani.

A makon nan ne wani makiyayi, Bello, mutumin Issawane da ke cin rani da dabbobinsa kusa da rijiyarmu, ya zo da ɗiyarsa Dije neman shawara. Ajinsu ɗaya da Rahamu a lise, babbar sakandare ta Tasawa. Na nuna masa allon, na ce ya kai ta Yamai, araha ba ta ado. Ya tambayi shanu nawa ke nan, na faɗa masa. Ya dubi takardarka a juye, sannan ya ce, "Madam, ni ban yi lakwal ba. Amma ban taɓa sayen saniya don mai ita ya ce tana da nono ba. Sai an tatsa gabana." Ya kai ta Maraɗi. Bayan ya tafi na yi masa dariya, na ce rowa ce kawai ta hana shi.

Na uku: abin da aka rubuta da abin da aka biya.

Rasit ɗinku duk suna nan cikin kwalla a ɗakina, ko ɗaya bai ɓata ba. Takardar talla ta ce jika ɗari huɗu. Da yarinyar ta isa aka ce akwai kuɗin rajista jika hamsin, kuma kowace shekara sai an sake, kamar sunanta yana gogewa da damina. Shekara uku, miliyan ɗaya da jika ɗari uku da hamsin, wannan duk daga rumbu. Kuɗin tufafin makaranta da na mota da na littattafai ni na ɗauka daga albashina, ta kuma zauna wurin wata 'yar'uwata, ban sa su cikin lissafi ba.

Da ta gama, muna cewa alhamdu lillahi, sai ga sabon zance: jika ɗari da hamsin na zaman malaman da suka saurari kundinta, da jika saba'in da biyar na fitar da takarda. An bar ta ta kare kundin, an tafa mata, an ɗauki hoto da ita cikin babbar riga da hula mai tuntu, na ji ma hoton yana cikin takardar tallarku ta bana. Sannan aka ce takarda sai an biya. Ka duba takardar da ka sa wa hannu, Ranka ya daɗe, ka nuna mini inda aka ambaci waɗannan kuɗi. Na karanta ta gaba da baya, da tabarau da babu tabarau, ban gani ba.

Na huɗu: lissafin da na yi kuskurensa.

Wannan shi ya fi ci mini rai, don ni na koya wa yara lissafi shekara talatin.

Makarantarka tana karɓar kuɗi da buɗewar lakwal, wato daidai da kaka, lokacin da hatsi ba shi da daraja. Kuma ba a shiga aji sai an biya rabi. Saboda haka kaka uku a jere muna ɗora buhuna a amalanken jaki muna kai wa kasuwar Tasawa, muna sayarwa jika goma sha uku, sha huɗu. Rumbun tsimi an yi shi ne don a saya da kaka a fitar da damina. Ni na sa muka juya shi, muna sayarwa ranar da kowa ke saye don ajiya. 'Yan kasuwar da suka kwashe ma sai da suka yi mamakinmu. Buhu ɗari cif suka fita ta wannan hanya.

Ni a kaina bashin kuɗi ne: in Rahamu tana aiko jika ɗari duk wata, cikin wata goma sha huɗu an gama. Amma dokar ƙungiya, wadda ni na rubuta da hannuna a shafin farko na littafi, ta ce rancen hatsi da hatsi ake biyansa. Matan ba su san wani miliyan ba, buhu ɗari suka sani. Yau buhu jika ashirin da biyar ne, in ka same shi. Ke nan miliyan biyu da rabi ke kan yarinya mai shekara ashirin da uku wadda ba ta taɓa karɓar albashi ba.

Bara ruwa ya ɗauke hatsi yana bunni. Gonar da ke ba da dami tamanin ta ba da bakwai. Ba wadda ta iya zuba ko tiya a rumbu. Bana tun kafin zafi ya kankama gidaje suka ƙare, maza suka tsallaka Najeriya ci-rani, mata suka shiga daji neman ganyen jiga da 'ya'yan anza. Anza kuwa ka san sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin ɗacinta ya sake ta. Sojan da suka karɓi mulki bana sun fito fili sun ce akwai yunwa a ƙasa, mun ji daɗin wannan, amma kafin taimako ya bi yashi ya iso garinmu sai an ci wani abu.

Dole aka buɗe rumbu tun ba lokacinsa ba. Ina tsaye da littafi aka cire kwaɗo ukun. Buhu ashirin ne a kusurwa, sauran ɗakin fili, har muryar mutum tana amsawa. Kowace mace ta tashi da tiya tara da ɗan kai. Da buhu ɗarin nan suna nan, da hamsin da bakwai za ta ɗauka. Ba wadda ta dube ni da mugun ido, kuma wallahi da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yara huɗu aka kai likita a Tasawa da tamowa daga gidajen 'yan ƙungiya. Uku sun dawo. Rai na Allah ne, ban ce hatsi yana hana ajali ba, malamai ma sun gaya mini haka. Amma uwar yaron ɗalibata ce, kuma tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da na baje takardu. Ban iya bi ta ƙofar gidansu har yau, sai in zagaya ta bayan masallaci.

Na biyar: abin da aka samu bayan an gama.

Tunda ba ka cika layi na uku da gaskiya ba, ga abin da ni na gano, a makare.

Dije ɗiyar Bello tana aiki a wata ƙaramar likita, wato asibiti, arewa da Mayahi, aikin kwantiragi. Jika sittin da 'yan kai take samu, wani lokaci ma sai wata ya shiga wata bai zo ba. Ba arziki ba ne. Amma ba mai bin ta ko dala, kuma a wannan bazara ita ke aika wa ubanta dusa da hatsi. Kwanan baya ya gan ni a kasuwa ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi labarin Rahamu, bai ƙara ko kalma ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Su Rahamu su ashirin da takwas ne a aji. Na sa ta bi su ɗaya ɗaya ta waya. Biyar ke da aiki mai albashi, uku daga ciki a wurin iyayensu ko kawunnansu. Ba ko ɗaya da ke karɓar jika ɗari biyu da hamsin. Wataƙila a wata shekara an taɓa samun wani da ya karɓa, ban ce ka ƙirƙira ba. Amma in mutum ɗaya ya haƙa rijiya ya tarar da ruwa a gaba biyar, ba a gaya wa gari duka cewa ruwa a gaba biyar yake.

Ita Rahamu tana nan Yamai ƙarƙashin laima a bakin titi tana sayar da katin waya. Daga inda take zaune zuwa ƙofar makarantarka ba nisa, ƙila motarka ta sha wuce ta. Salla biyu ba ta zo gida ba. Na roƙe ta ta zo ko kwana biyu ta ga uwarta, ta ce, "Madam, da wane ido zan dubi Iya Kande? Ku bar ni nan har in samu abin da zan riƙo." Yarinyar da ba ta roƙi kowa ya kai ta ko'ina ba, ita ke ɗauke da kunyar da ni ya kamata in ɗauka.

Uwarta Tsahara ta daina zuwa rijiya sai da tsakar rana in ba kowa. Ranar rabo ta ƙi zuwa karɓar tiya tararta, ta ce ɗiyarta ta riga ta cinye rabonta. Iya Kande da kanta ta ɗora ƙwaryar a ka, da tsufanta, ta kai mata har ɗaki ta ce, "Amshi, Tsahara, bar wagga magana. Ɗiyar tamu ce mu duka, mu munka aike ta."

Na shida: abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Kafin in baje takardun nan kan tabarma, wakilinka ya zo Tasawa ya tara mu, mu malamai da shugabannin lakwal. Ya ba mu lemo, ya raba mana takardun talla, sannan ya ce duk wanda ya kawo ɗalibi yana da ushirin kuɗin shekarar farko. Ya kira shi goro. Bayan Rahamu ta yi wata guda da farawa aka aiko mini da ambulan, jika arba'in a ciki.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ko babu goron nan makarantarka zan zaɓa. Wataƙila haka ne. Amma na san da shi ranar da na ja zane a layin sauran makarantu, na san da shi lokacin da Iya Kande take ja da ni, kuma ban buɗe baki na ce ga abin da aka yi mini alkawari ba. Jika arba'in a wannan kakar buhu uku ne. Wato cikin buhu ɗarin da suka fita daga rumbu, uku zagayawa suka yi ta Yamai suka dawo gidana. Tunkiya na saya da su. Ta haihu sau uku, ina ba ta dusa ina jin daɗi.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma na yi maka askin har ƙeya. Ba ni kaɗai ba ce a ɗakin nan ranar, mun fi ashirin. Ban san abin da sauran suka yi ba, ba kuma zan ambaci kowa ba. Abin da na sani shi ne, ka san sarai dalilin da ya sa ka bi ta kan malamai. A ƙauye in malami ya ce ga hanya, ba mai tambayar wa ya biya shi.

Na bakwai: abin da ya faru makon jiya.

Da labarin aikin Mayahi ya iso, matan suka yi taro ba su kira ni ba. Na ɗauka ƙarata za su kai wurin mai gari, kuma na shirya. Ashe karo-karo suka yi. Wannan ta sayar da kaza, waccan ta sayar da kwanonin jerenta, wata ta sayar da akuya a kuɗin da bara ko zakara ba zai saya ba. Mutanen da ke cin anza suka tara jika sittin da ɗaya don su fanshi takardar da suka riga suka biya da abincin 'ya'yansu.

Iya Kande ta kawo mini har gida, ƙulle cikin tsumma. Ta aje gabana ta ce, "Ke za ki kai, Madam. Ki roƙe shi shi yi haƙuri da wanga. Wa munka aje mai karatu in ba ke ba?" Na buɗe baki in gaya mata zancen ambulan. Abin da ya fito shi ne, "To, Iya, Allah Ya saka." Na karɓa, na raka ta har ƙofa.

Na sayar da tunkiyar da 'ya'yanta biyu da suka rage, da ƙyar suka kawo jika arba'in, don dabba ba ta da kuɗi bana. Fanshona bai fara fitowa ba, takarduna suna can suna yawo ofis ofis. Abin da ke hannuna ke nan, jika ɗari da ɗaya.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka saki takardar Rahamu kafin ƙarshen watan nan. Abin da ya rage a rubuta shi da sunana, ni Salamatu, gaban shaidu, in riƙa biya daga fansho in ya fara fita. Ita ba ta ci bashin kowa ba, ni na ci.

In akwai tausayi, ka karɓi arba'in ɗina, don dama daga aljihunka suka fito, ka bar mini sittin da ɗayan in maida wa masu su. Buhu biyu ne da 'yan tiyoyi. A wurinka ba su kai kuɗin man mota na mako ba, a wurinmu tuwon kwanaki ne.

Ka gyara takardar talla. A rubuta duk abin da za a biya tun daga rajista har fitar da takarda, a wuri ɗaya. In za a faɗi albashi, a faɗi mutum nawa suka gama, nawa suka sami aiki, nawa suke karɓa. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ba abin kunya ba ne. Wannan roƙo ba kai kaɗai nake yi wa ba, har da sauran masu makarantun kuɗi da hukumar da ke ba su izini.

Ka daina ba malamai ushiri. In kuwa ba za ka daina ba, to a buga shi a takardar da manyan baƙaƙe, uban yaro ya san mai ba shi shawara yana da rabo a ciki.

Sannan ka duba lokacin biya ga 'ya'yan manoma. Wata uku kacal in ka jinkirta musu, hatsin da za su sayar zai ragu sosai.

Allah Ya ja zamaninka, Ya albarkaci dukiyarka da zuriyarka, Ya sa makarantarka ta zama wurin da talaka zai shiga ya fita da kai a sama. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya saukar mana da damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ni kuma Allah Ya yafe mini, Ya sanyaya zukatan waɗanda na cuta.

Abu na ƙarshe. Na gwada sau uku in faɗa wa matan nan zancen jika arba'in da bakina, na kasa. Saboda haka na kai kwafin wannan wasiƙa gidan rediyon karkararmu, na roƙi a karanta ta duka ranar kasuwa, nan da kwana uku, kada a tsallake na shida. Da hantsi ake shirin, lokacin da mata ke taruwa a zauren Iya Kande suna surfe suna saurare. Na ce mata ranar zan zo in zauna tare da su, ta ce in taho da tabarmata.

Kai kana da kwana goma sha biyu, Ranka ya daɗe. Ni uku gare ni.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Salamatu, wadda ake kira Madam,
tsohuwar shugabar lakwal, karkarar Maijirgi, Tasawa.